WAYAR SALULA A CIKIN AJI: A HANNUN WA YA KAMATA TA KASANCE?

Wata muhawara da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a 'yan shekarun nan tsakanin malaman makarantu da iyayen yara da su kansu ɗalibai, ita ce ta shigar wayar salula da kwamfuta cikin aji. Jama'a sun rabu gida biyu. Akwai masu ganin cewa waya annoba ce, duk yaron da aka kama da ita a makaranta a ƙwace a farfasa a gaban sauran ɗalibai don ya zama izina. Akwai kuma masu ganin cewa zamanin alli da allon bango ya wuce, da zarar an danƙa wa kowane yaro kwamfutar hannu to shi ke nan an yi bankwana da jahilci. Alal haƙiƙa dukkan ɓangarorin biyu sun yi gaggawar yanke hukunci, kuma wanda zai kwana a ciki shi ne ɗan talaka, wanda ba shi da wata makarantar sai wadda ke unguwarsu. Maganar ta shafi 'yan uwa matasa kai tsaye, domin su ne ke koyarwa a makarantun Islamiyya na yamma da na dare, su ne suka cika makarantu masu zaman kansu suna koyarwa a kan albashin da bai taka kara ya karya ba, su ne ke da ƙanne masu shirin jarrabawa, kuma su ne suka fi kowa sanin kan waya a gidajensu.

Bari a fara da masu ƙyama. Ya kamata su san cewa bakin alƙalami ya riga ya bushe a kan wasu al'amura. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta daina amfani da takarda da fensir, ta mayar da jarrabawar shiga manyan makarantu a kan kwamfuta gaba ɗaya. Ɗalibi zai zauna gaban na'ura ya amsa tambayoyi 180 a darussa huɗu cikin awa biyu, agogo na tafiya a gaban idonsa. A shekarar 2024 hukumar WAEC ita ma ta fara yi wa masu zana jarrabawa daga waje tasu a kan kwamfuta, sannan a 2025 Ministan Ilimi na tarayya ya bayyana aniyar mayar da jarrabawar kammala sakandare ta WAEC da ta NECO a kan wannan tsari. To yaron da ya shekara shida a sakandare bai taɓa ɗora yatsarsa a kan kwamfuta ba, yaya zai kasance ranar da aka zaunar da shi kusa da wanda ya tashi da ita a ɗakin mahaifinsa? Ko da ya fi shi ƙwaƙwalwa, tsoron na'urar kawai ya isa ya cinye masa wani kaso na lokacinsa. Malamin da ya hana ɗalibinsa sanin wannan abu da sunan kare tarbiyya, ya sani cewa ya tura shi fagen dambe da hannu a ɗaure.

Haka kuma ba a manta da abin da ya faru a shekarar 2020 ba, lokacin da aka rufe makarantun ƙasar nan a watan Maris saboda annobar korona, aka shafe watanni yara na zaune a gida. 'Ya'yan masu hali sun ci gaba da ɗaukar darasi ta intanet daga malamansu. Gwamnatocin jihohi irin su Kano da Kaduna sun koma ga rediyo da talabijin, wanda ya samu ya saurara, wanda bai samu ba ya tafi talla ko gona ko gareji. Da aka dawo makaranta, tazarar da ke tsakanin ɗan mai kuɗi da ɗan talaka ta ƙara faɗi. Wannan kaɗai ya isa darasi ga mai hankali.

Ballantana ma babu wani kayan koyarwa da ya faɗo daga sama. Allon katako da tawada da alƙalamin gamba kayan aiki ne da mutane suka ƙirƙira don sauƙaƙa karatu. Littafin ɗab'i ya zo ya tarar da rubutun hannu, aka karɓe shi. A shekarun 1980 da 1990 kaset ya kai tafsiri da wa'azi ƙauyukan da malamai ba su taɓa takawa ba, mutane da dama sun gyara karatunsu ta hanyarsa, alhali da irin wannan kaset ɗin wasu ke sauraron abin da bai dace ba. Ba a ce a ƙone rakoda ba, an dai ce a kula da abin da ake sakawa a ciki. Wayar salula, wadda ta bazu a ƙasar nan daga shekarar 2001, ta haɗa rakoda da rediyo da majigi da ɗakin karatu a wuri guda. Amfaninta ya fi na kaset yawa, haka ma sharrinta.

Sai dai kuma masu ganin na'ura ce maganin komai, nasu kuskuren ya fi tsada, domin da dukiyar jama'a ake yin sa. A shekarar 2005 wani farfesa a Amurka mai suna Nicholas Negroponte ya fito da shirin bai wa kowane yaro a ƙasashe matalauta ƙaramar kwamfuta mai arha, wadda aka yi ta yi wa kirari da kwamfutar dala ɗari. Nijeriya na cikin wuraren da aka fara gwajin shirin, a wata makarantar firamare a Abuja a 2007. Ba a je ko'ina ba sai ga labari ya fito a jaridu cewa an samu yaran suna buɗe hotunan batsa da kwamfutocin, domin an ba su intanet ba tare da wani shamaki ba. Ƙasar Peru da ke Kudancin Amurka ta sayi dubban ɗaruruwan irin waɗannan kwamfutoci ta raba wa 'yan firamare. Da masu bincike na Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka suka bi makarantun karkara sama da 300, rahoton da suka fitar a 2012 ya nuna cewa yaran sun iya sarrafa kwamfuta, amma sakamakonsu a lissafi da harshe bai fi na waɗanda ba a bai wa ba. An kashe maƙudan kuɗi, karatu na nan inda yake.

Dalilin haka a fili yake. Kwamfuta tana amfanar wanda ya iya karatu ne. Yaron da bai iya haɗa baƙi da wasali ba, in an miƙa masa kwamfutar hannu, hoto da wasa zai nema, don su ne ya iya. A shekarar 2022 Bankin Duniya da wasu hukumomi sun ƙiyasta cewa kusan tara cikin goma na yara 'yan shekara goma a ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi. Wannan ita ce cutar, kuma tushenta shi ne ƙarancin malamai ƙwararru, da cunkoson aji, da rashin littattafai, da yunwa. A 2017 gwamnatin jihar Kaduna ta ce malaman firamare sama da 21,000 sun faɗi jarrabawar gwajin da ta yi masu. Duk da cewa an yi ta gardama a kan yadda aka gudanar da gwajin da kuma korar da ta biyo baya, babu wanda ya musa cewa akwai matsala a wajen horar da malamai. To in malamin bai san darasin ba, wace na'ura ce za ta sani a madadinsa? Ai ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ba a ɗora jinka a kan ginin da ba shi da tushe.

Wani abin lura shi ne, ƙasashen da suka riga kowa shiga wannan harka su ne yanzu ke ja da baya a kan barin waya a hannun ɗalibi. Faransa ta kafa dokar hana 'yan firamare da ƙaramar sakandare amfani da waya a makaranta tun 2018. Holan ta hana waya a azuzuwan sakandare daga watan Janairun 2024. Brazil ta kafa tata dokar a farkon 2025. Hukumar UNESCO, a rahotonta na ilimi na 2023, ta yi kira da kada a shigar da waya aji sai in tana taimaka wa darasi a zahiri, ta kuma kawo binciken da ya nuna cewa ɗalibin da saƙon waya ya ɗauke wa hankali yana iya shafe kusan minti ashirin kafin hankalinsa ya dawo kan karatu. Darasi guda minti arba'in ne a yawancin makarantun nan. Mai karatu sai ya yi lissafi da kansa. Kamfanonin da suka ƙera Facebook da TikTok da manhajojin caca sun zuba dukiya mai yawa don su riƙe idon mutum a kan waya, domin a nan ribarsu take. Babban mutum mai iyali ma yana shan wuya kafin ya ajiye waya, balle yaro ɗan shekara goma sha huɗu.

Sannan akwai halin da ƙasa ke ciki, wanda masu kawo irin waɗannan shirye-shirye daga otal-otal ɗin Abuja kan manta da shi. A watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe kwanaki masu yawa cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wutar lantarki. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Makarantar da ba ta da rufi, yara na zaune a ƙasa, ba rijiya ba makewayi, ita za a kai wa kwamfutoci? Wa zai yi caji, wa zai sayi data, wa zai gyara in sun lalace, wa zai yi gadi? Kowa ya san yadda lamarin ke ƙarewa: a ba da kwangila, a ɗauki hoto ranar rabo, a kulle kayan a ofishin shugaban makaranta har ƙura ta cinye su ko ɓarayi su kwashe. Sayen na'ura yana da daɗi a wurin ɗan siyasa saboda ana ganinta da ido kuma akwai kaso a ciki. Horar da malami da biyansa albashi a kan kari ba su da hoto.

Ita kanta na'urar ba ma'asuma ba ce. A jarrabawar JAMB ta 2025, bayan da aka yi ta kuka a kan mummunan sakamako, hukumar ta fito ta amsa cewa an samu tangarɗar na'ura da ta shafi ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, har aka sake masu jarrabawa. Ba don mutane sun ɗaga murya ba, da yara sun tafi gida da sakamakon da ba nasu ba.

To ina mafita? Mafita ita ce a gane cewa wurin da na'ura ta fi amfani a aji shi ne hannun malami. A jihar Edo, shirin EdoBEST da aka fara a 2018 malamai ya bai wa kwamfutar hannu, wadda ke ɗauke da tsarin darasin kowace rana kuma take nuna ko malami ya zo aiki. Legas ta bi sahu da nata shirin a 2019. Akwai masu sukar tsarin da cewa yana mayar da malami mai karanto abin da aka rubuta masa kawai, kuma sukar tana da ƙamshin gaskiya, amma dai an gane cewa malami ne ginshiƙi. A birnin Benin kuma, a 2024, an yi wani gwaji na mako shida da tallafin Bankin Duniya, inda ɗaliban sakandare ɗaruruwa suka koyi Turanci da taimakon manhajar ƙirƙirarriyar basira bayan an tashi daga makaranta, kuma aka ga ci gaba a sakamakonsu. Abin da masu yaɗa labarin kan tsallake shi ne, malamai na tsaye a kan yaran, su ke buɗe darasi, su ke sa ido, su ke gyara wa na'urar in ta yi shirme. Da an saki yaran su kaɗai, da labari ya sha bamban.

Saboda haka ga wasu shawarwari ga 'yan uwa matasa masu koyarwa, waɗanda ba sa buƙatar jiran gwamnati.

Na farko, malami ya yi amfani da wayarsa wajen shirya darasi kafin ya shiga aji. Malamin kimiyyar da makarantarsa ba ta da ɗakin gwaje-gwaje yana iya sauke ɗan gajeren bidiyon da ke nuna yadda zuciya ke harba jini ko yadda husufin rana ke faruwa, ya ajiye a memori, ta yadda ba sai da data ba ranar darasi. Ya kalla shi kaɗai tun daga farko har ƙarshe kafin ya nuna wa yara, don kada talla ko wani abin kunya ya faɗo a tsakiya. Bidiyon kada ya wuce minti uku zuwa biyar, bayansa a koma kan allo, a yi tambayoyi, a rubuta a littafi. Akwai kuma manhajar Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, kyauta ce, an tsara ta bisa manhajar karatun ƙasar nan, kuma akwai darussa da Hausa a ciki.

Na biyu, a ajin da ke da yara tamanin ko ɗari, ƙaramar sifika mai caji ta fi kwamfutar hannu guda goma amfani, domin kowa zai ji har na bayan aji. Da ita ake gyara lafazin Turanci da na Larabci. Kuɗinta da na ɗan ƙaramin sola bai fi ƙarfin karo-karon ƙungiyar iyaye da malamai ko tsofaffin ɗalibai ba.

Na uku, game da Islamiyya. Sauraron ƙwararrun makaranta a waya yana taimakawa ƙwarai wajen hadda da tajwidi, amma malami ya kula da ruwayar da yake kunnawa. Tsangayoyin ƙasar Hausa sun gaji ruwayar Warshu, alhali yawancin manhajojin waya a kan ruwayar Hafsu suke. Yaron da ke biya ɗaya a gaban malami yana sauraron ɗayar a gida ba tare da an yi masa bayani ba, zai cakuɗa su ya ɗauka ɗaya daga ciki kuskure ce. Sannan karatun Alƙur'ani daga baki zuwa baki ake ɗaukar sa tun asali, ɗalibi ya biya, malami ya saurara ya tsayar da shi inda ya karkace. Wannan ba a yin sa da sifika. Haka kuma a gargaɗi manyan ɗalibai a kan ɗaukar fatawa daga manhajojin ƙirƙirarriyar basira, domin an san suna iya ƙaga magana su jingina ta ga littafin da ba ta cikinsa, kuma su faɗe ta da cikakken ƙarfin hali. Duk abin da aka gani a waya a kawo shi gaban malami da littafi a tantance.

Na huɗu, 'yan ajin ƙarshe na sakandare su samu horon kwamfuta kafin ranar JAMB, ko da da kwamfuta biyu ko uku ne na aro ana yin layi. Abin ba shi da wuya: haruffan A, B, C da D don zaɓen amsa, N don matsawa gaba, P don komawa baya, S don miƙa aiki. Yaron da ya gwada sau biyar yana kallon agogo, tsoro ya fita daga zuciyarsa. Ɗan uwan da ke da shagon kwamfuta ko ya karanci fannin, ga wata hanyar hidima ga unguwarsa a ranakun Asabar da Lahadi.

Na biyar, ɗalibi kada ya riƙe waya a lokacin darasi. In ya zo da ita saboda nisan gida, a ajiye a ofis a ba shi in an tashi. Amma farfasa waya a gaban jama'a ɓarnar dukiya ce, sau da yawa ma wayar ta mahaifiyarsa ce da take sana'a da ita. A kira uba ko wa a damƙa masa, a yi magana ta fahimta.

Na shida, kuma wannan ya fi ɗaci, shi ne malamin ya fara da kansa. Ana ganin matasan malamai suna rubuta aiki a allo su koma kan kujera suna hira a WhatsApp har a kaɗa ƙararrawa. Wannan cin amana ne, kuma yara suna gani. Mai dokar barci bai kamata ya ɓuge da gyangyaɗi ba. Haka nan ɗaukar hoton ɗalibai, musamman 'yan mata, a watsa a Facebook ko TikTok ba da izinin iyayensu ba, da karɓar lambar ɗaliba ana aika mata saƙo cikin dare da sunan darasi, duk ƙofofin fitina ne da suka ɓata sunan makarantu da dama. Saƙon makaranta ya bi ta hannun iyaye ko ta zauren da shugaban makaranta ke ciki. Malamin da ke taimaka wa ɗalibai da satar amsa ta waya ranar jarrabawa kuwa, ya sani cewa yana yaye likitan da wata rana zai duba mahaifiyarsa.

Ga hukumomi kuma, abin da ya kamata jama'a su riƙa tambaya duk lokacin da aka sanar da shirin raba na'urori shi ne: nawa aka ware don horar da malamai, wa zai biya kuɗin wuta da gyara bayan shekara guda, kuma da wace hujja za a nuna cewa yara sun ƙaru? In babu amsa, to kwangila ce aka yi wa rawani da sunan ilimi. A fara da rufin aji da benci da littafi da albashi, sannan a samar wa kowace sakandare ɗakin kwamfuta guda mai sola da malamin da ya san aikinsa. Wannan ya fi raba dubban kwamfutocin hannu da za su ƙare a kasuwar 'yan gwangwan.

Iyaye su ma da nasu kason. Uban da ya saya wa ɗansa babbar waya don ya huta da naci, sannan bai taɓa tambayar abin da ke cikinta ba, kada ya ɗora wa malami laifi in sakamako ya fito da ja. Yayye maza da ke gida su ne suka fi cancanta su sa ido a nan, don su ne suka san lungunan waya da iyaye ba su sani ba.

Wuƙa a hannun mahauci sana'a ce, a hannun yaro kuwa sai a yi ta addu'a. Matasan da Allah Ya ɗora wa amanar aji a wannan zamani suna da kayan aikin da malamansu ba su taɓa mafarkin samu ba, kuma za a tambaye su yadda suka yi da shi. Allah Ya ba malamai ikon riƙe amana, Ya shiryi yara, Ya sa ilimin da ake nema ya zama mai amfani duniya da lahira. Wassalam.